Ranar da Zanzaro Ya Hana Jirgi Sanin Gudunsa

Wanda ya taso a Mando ba a yi masa bayanin ƙarar jirgin sama. Tun muna firamare ƙananan jiragen koyon tuƙi na Sojojin Sama ke shawagi a kanmu, su tashi, su kewayo, su sauka, su sake tashi, har muka daina ɗaga kai. A nan barikin sojan sama yake, a nan AFIT take, kuma a tsohon filin jirgin nan ne aka harhaɗa Air Beetle, ƙaramin jirgin da aka ɗauko tsarinsa daga RV-6A na Amurka, aka ƙera guda 60 domin horar da matuƙanmu. Duk da haka ban taɓa ɗora hannu a jikin jirgi ba sai da lokacin SIWES ya zo bayan na gama ND 1, Allah Ya sa na samu gurbi a wata rumfar gyaran jirage, wato hanga, da ba ta da nisa da gidanmu.

Abin da zan ba ku labari ya faru ne a yini ɗaya cikin damina. Na ga ya dace in rubuto wa mujallarmu saboda lissafin Bernoulli ɗin nan da muke haddacewa daren jarrabawa mu manta da safe, a ranar na gan shi da idona riƙe da ran mutum.

Jirgin Cessna 172 ne, mai kujera huɗu, na wani ɗan kasuwa. Ya yi makonni uku a ajiye a bakin hanga ba a tashe shi ba. Da safiyar ranar matuƙinsa ya zo ya ɗan zagaya da shi kafin tafiyar da za su yi washegari. Ko minti goma bai yi a sama ba ya dawo. Ya sauko rigarsa sharkaf da gumi, ya nufo shugabanmu, dattijon injiniya da kowa ke kira Oga.

"Injiniya, agogon gudun nan ya mutu. A cire shi kawai a yi odar sabo."

Oga bai ko kalli jirgin ba. Ya jawo masa kujera. "Kyaftin, zauna ka sha ruwa tukuna. Me allurar ta yi lokacin da kake gudu a kan titi?"

Kyaftin ya ce ba ta motsa ba, tana kan sifili. Hankalinsa ya tafi kan wasu shirwa da ke yawo a ƙarshen titin, kafin ya ankara jirgi ya riga ya yi sauƙi, sai ya ɗaga shi.

"Da ka fara hawa fa?"

Ya ce nan abin ya ba shi tsoro. Allurar ta farka da kanta, ta wuce 60, ta wuce 100, da ya kai ƙafa 1,000 har ta shiga cikin rawaya, wajen 140, alhali hancin jirgin na sama, ya san ba zai yiwu a ce yana wannan gudun ba. Da ya juyo zai sauka kuma sai ta riƙa faɗuwa, yana taɓa ƙasa ta koma sifili.

"Agogon tsayi da na hawa da sauka, sun yi maka daidai?"

"Lafiyarsu ƙalau."

Oga ya juyo ya dube ni. "Ɗan Poly, ka ji. Agogon nan ya mutu ko yana da rai?"

Wallahi na ce ya mutu. Ai mai tuƙa shi ma haka ya ce.

Bari in tsaya nan in yi muku bayanin da Oga ya yi mini da alli a ƙasan hanga, don in ba shi ba sauran labarin ba zai shiga ba.

Agogon gudun mota juyawar taya yake ƙirgawa. Jirgi a sama ba ruwansa da taya, abin da ya dame shi shi ne yadda iska ke wucewa ta jikin fiffike, domin ita ke ɗauke da shi. Idan gudun nan ya yi ƙasa da wani mizani, fiffike ya daina ɗauka, hanci ya faɗi. A irin wannan Cessna ɗin mizanin yana tsakanin not 40 da 50, ana ɗaga ta daga ƙasa a wajen not 55, ana tunkarar sauka a tsakanin 60 da 70. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Kun ga tazarar da ke tsakanin saukar lafiya da faɗuwa ba ta da yawa.

To yaya ake auna gudun iska? Ƙarƙashin fiffiken hagu akwai wani ɗan bututun ƙarfe da bakinsa ke kallon gaba. Sunansa bututun Pito, daga sunan Henri Pitot, Bafaranshen da ya ƙirƙiro shi a 1732 don auna gudun ruwan kogin Seine. Iskar da jirgi ke karo da ita tana cusa kai cikin bakin nan, ta bi siririn tiyo har bayan agogo, ta shiga wata 'yar jaka ta ƙarfe mai laushi wadda ke kumbura kamar zugazugin maƙera. A gefen hagu na jikin jirgin kuma, gaba da ƙofa, akwai wata 'yar ƙaramar kafa da ko tsinken ashana da ƙyar ya shiga. Ita ba ta fuskantar iska, matsin iskar wurin kawai take ji. Wannan matsin shi ke cika gidan agogon, ya kewaye jakar ta waje. Allura ba ta san komai game da gudu ba. Bambancin da ke tsakanin cikin jaka da wajenta kawai take nunawa. Agogon tsayi da na hawa da sauka kuwa kafar gefe kaɗai suke sha, ba su da alaƙa da Pito. Ku riƙe wannan, shi ne mabuɗin.

Bambancin nan shi ne ½ρV² ɗinmu na aji. Nauyin iska a bakin teku kilogiram 1.225 ne a kowace mita kubik. Not 100 daidai yake da mita 51.4 a daƙiƙa. Ku buga a kalkuleta: faskal 1,620 ko kusa da haka. Matsin iskar da ke kanmu kullum a bakin teku faskal 101,325 ne, wato duk gudun not 100 bai kai kashi 2 cikin 100 nasa ba. Idan aka mayar da shi tsayin ruwa a cikin tiyo, santimita 16 da rabi ne kacal. Not 60 kuwa santimita 6. Tsawon ɗan yatsa na ruwa, shi matuƙi ke dogaro da shi lokacin sauka.

Yanzu ku koma kan amsoshin Kyaftin. Agogon tsayi da na hawa da sauka sun yi daidai, saboda haka kafar gefe a buɗe take. Da ita ce ta toshe, da agogon tsayi ya daskare wuri ɗaya, na hawa da sauka ya kwanta kan sifili, agogon gudu kuma ya riƙa rage gaskiya in ana hawa, ya ƙara mata in ana sauka. Ba haka aka gani ba. Saura Pito. A ƙasan bututun akwai wani ɗan rami na zubar da ruwan sama. Idan baki kaɗai ya toshe, ramin nan yana buɗe, iskar ciki za ta zurare ta nan, allura ta zauna a sifili ko an kai ina. Amma idan baki da ramin duk sun toshe, iskar ƙasa ta makale a cikin tiyo ke nan. Jirgi na hawa, matsin waje na raguwa, na cikin jaka yana nan yadda yake, sai jaka ta kumbura, allura ta tashi. Agogon gudu ya rikiɗe ya zama agogon tsayi. Hawan ƙafa 1,000 yana rage matsi da kusan faskal 3,400, in kun juya lissafin baya za ku samu not 140 da 'yan kai. Daidai abin da Kyaftin ya gani.

"Ka ga agogon da ka ce ya mutu," in ji Oga, "shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya a cikinmu yau. Abin da aka ba shi ya nuna."

Wannan ita ce maganar da na fi so ku ɗauka. Mu masu koyon gyara, da ma manyanmu a gareji, mun saba da kama wanda ya kawo saƙo mu hukunta shi. Fitila ta kama a gaban mota, a cire kwan. Da an bi maganar Kyaftin, da an kashe daloli, an jira makonni kaya su iso, an ɗaura sabon agogo, shi ma ya yi abin da tsohon ya yi. Kuma watakila a karo na biyu da iyalin mutum a ciki.

Muka tafi ƙarƙashin fiffike. Oga ya haska tocila cikin bakin bututun. Daga waje ba ka ganin komai, shi ya sa Kyaftin bai lura ba lokacin da ya zagaya jirgin da safe. Sai ka sunkuya ka daidaita ido sannan ka hango wani abu ja-ja a can ciki. Laka ce. Zanzaro ya yi gini.

Kun san shi, wannan mai siririn ƙugun da ya ba zanzaron riga suna, mai manna ɗakin laka a bangon ɗaki da bayan kalanda. Rami yake nema mai duhu, ya kwaso jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ajiye ƙwai tare da gizo-gizo ko tsutsar da ɗansa zai ci, ya liƙe bakin. Damina a Kaduna laka ba ta yi masa wuya. A wurinsa bututun Pito gida ne da aka riga aka yi wa rufi.

Nan na yi wautar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Na kai bakina zan hura, wai in gani ko iska za ta wuce. Ban san lokacin da Oga ya fizgo wuyan rigata ba.

"Kai! Kana so ka kashe shi da gaske?"

Ku tuna santimita 16 da rabi. Huhun lafiyayyen saurayi zai iya tura ninkin wannan sau biyar ko fiye. Da lakar ta ɓalle, da duk ƙarfin nan ya tafi kai tsaye cikin 'yar jakar, ta miƙe ko ta fashe, ga kuma ɓarɓashin ƙasa da yawu a cikin tiyo. Ba a hura Pito, ba a sa masa iskar kwamfuresa, ba a zura masa waya ko ƙusa, don in bakin ko ramin ruwan ya buɗe fiye da yadda aka ƙera shi, awon ya canja har abada. Wani abu kuma, bututun yana da hita saboda ƙanƙara. In an bar ta a kunne ka kama shi, fatar hannunka za ta ba da labari.

Yadda muka yi shi ne, Oga ya buɗe littafin gyaran jirgin, ya sa na karanta sashen da ƙarfi, sannan na kwanta rigingine ƙarƙashin allon agogai na kwance tiyon daga bayan agogon gudu, aka toshe bakin agogon da murfinsa. Muka raba wayar hita, muka sauko da bututun gaba ɗaya daga fiffike. Ruwan ɗumi ya jiƙa lakar, ta narke ta fito a hankali, har da wata farar tsutsa da matattun gizo-gizo biyu. Ta cika bututun har ta rufe ramin ruwan, kamar yadda lissafi ya nuna. Tiyon kuma aka bi shi da busasshiyar iska marar ƙarfi, daga ɓangaren agogo zuwa waje, don duk abin da ke ciki ya fita ta hanyar da ya shigo.

Muna jiran bututun ya bushe Oga ya yi tambayar da nake ta addu'ar kada ya yi.

"Wai ina murfin Piton nan?"

Kowane jirgi da ke ajiye ana sa wa bututunsa murfi mai dogon jan ƙyalle. Makonni uku da suka wuce ni aka sa na wanke jirgin. Na cire murfin da na zo goge fiffike, na cusa a aljihun rigar aiki, aka kira sallar la'asar, shi ke nan. Yana nan a aljihun har ranar. Na zaro shi na miƙa masa, hannuna na rawa.

Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya ba ni labarin Birgenair 301. Boeing 757 ne, ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika da daren 6 ga Fabrairu, 1996, bayan ya yi kusan makonni uku a ƙasa. Tun a kan titi matuƙin ya ga agogonsa ba ya aiki, ya ci gaba. Da suka fara hawa allura ta farka, ya ɗauka ta gyaru. Ta riƙa nuna gudu ya yi yawa, na'urar tuƙi ta ɗaga hanci, aka rage wuta, alhali jirgin yana rasa gudu ne. Ya faɗa tekun Atlantika da mutum 189, babu wanda ya fita. Masu bincike sun fi zargin ɗan'uwan zanzaron nan namu na can ƙasar.

"Irin ciwon ɗaya ne," ya ce. "Bambancin kawai, Kyaftin namu da rana ya tashi, yana ganin ƙasa, kuma ya san jirginsa. Ya bi ƙarar inji da tsayin hanci ya sauka." Sannan ya ɗan rage murya, ya ce amma titi na da tsawo, wanda allurarsa ba ta motsa ba tsayawa ya kamata ya yi. Wannan kuma tsakaninsu, na ga sun keɓe sun yi magana daga baya.

Na ɗauka da an mayar da bututu an gama. Ashe rabin aikin ke nan. Dokar Oga ita ce, duk tiyon da aka taɓa sai an gwada ko yana yoyo. Kafin ya ɗauko na'urar gwajin hanga mai takardar shaidar awo, wadda ita kaɗai ake sa hannu da ita, sai ya ce bari ya nuna mini abin da ke cikinta. Ya samo farin tiyo mai nuna ciki, ya lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako, ya zuba ruwa, ya manna rula. Baki ɗaya a buɗe, ɗayan ya haɗa da Pito da kuma sirinji. Ya liƙe ramin ruwan da jan salatif mai dogon jela, ya rubuta "1" a tafin hannunsa da biro. Na tambaye shi dalili. Ya ce a ranar 2 ga Oktoba na wannan shekarar ta 1996, jirgin Aeroperú 603 ya tashi daga Lima da salatif a kan kafofin gefensa, wanda aka manna lokacin goge jiki aka manta. Mutum 70 suka rasu. Tun daga nan duk salatif ɗin da ya manna wa jirgi sai ya ƙirga shi a hannunsa, ba ya wanke hannun sai ya ƙirga wanda ya ɓare.

Na danna sirinji a hankali. Ruwa ya rabu da santimita 6, na leƙa ciki: not 60. Santimita 16 da rabi: not 100 cif. Ban san lokacin da na yi dariya ba. Lissafin da na kusa faɗuwa a kansa a zangon farko, ga shi yana motsa allurar jirgi.

Sai dai da na tsayar da hannu, allurar ba ta tsaya ba. Tana zamewa ƙasa a hankali. Ƙa'idar da ke cikin littafin AC 43.13-1B na hukumar jiragen saman Amurka ita ce a kai allura not 150, a datse, a jira minti ɗaya, kada ta sauka fiye da not 10. Tamu ta zubar da fiye da ninki biyu na haka. Oga bai nuna mamaki ba. Ya ce tunda da safe tiyon ya riƙe iska har ya yaudari Kyaftin, to yoyon sabo ne, mu muka jawo shi. Muka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu. A bayan agogo muka ga kumfa. Guntun tiyon roba da ke wurin ya tsufa, zafin rana na shekaru ya busar da shi, da na ja shi ya tsage a bakin. Yoyo a layin Pito yana sa agogo ya nuna ƙasa da gaskiya, matuƙi ya riƙa sauka da gudu fiye da kima, ya cinye titi. Aka sauya shi da sabo mai lambar da littafi ya ce, aka sake gwaji da na'urar gaske, allura ta tsaya kamar an kafe ta.

Ya gwada layin gefe ma, tunda zanzaron da ya samu rami ɗaya ba ya raina na biyu. Ana zuƙe iska a hankali har agogon tsayi ya nuna ƙafa 1,000 sama da inda ake, a jira minti ɗaya, kada ya zubar da fiye da ƙafa 100. A hankali nake cewa, don in ka yi gaggawa agogon hawa da sauka zai buga ƙarshe ya lalace. Ina zaune a kujerar matuƙi ina kallo, jirgi a tsaye cikin hanga, sai ga allurar gudu ta tashi ta shige rawaya, wajen 140. Tsigar jikina ta tashi. Abin da Kyaftin ya gani ke nan shi kaɗai a sama.

Da yamma ya sake tashi, ya dawo yana murmushi, amma da ƙorafi ɗaya: GPS ɗinsa na nuna gudu fiye da agogon. Oga ya ce in amsa masa. Na ce, ranka ya daɗe, ba abu ɗaya suke aunawa ba. GPS gudun jirgi a kan ƙasa yake bayarwa, iska na iya tura shi ko ta tare shi. Agogo kuma an yi masa awo ne da iskar bakin teku, mu kuwa Kaduna muna kusan ƙafa 2,000 a sama, ga zafi, iskarmu ta fi sauƙi. A ƙiyasi gudun gaske yana ɗara na agogo da kashi 2 cikin 100 a duk ƙafa 1,000, zafi kuma ya ƙara a kai. Fiffike dai abin da agogo ke ji shi yake ji, don haka agogo ake bi wajen tashi da sauka. Kyaftin ya dubi Oga ya ce, "Yaron naka ya iya." Oga ya ce, "Yau ya fara."

Shi ya rubuta aikin a littafin jirgin ya sa hannu da lambar lasisinsa, don a dokar NCAA ɗalibi irina ba ya sallamar jirgi, komai iyawarsa. Nawa logbuk ɗin na SIWES kuwa sai da ya sa na rubuta da hannuna cewa ni na bar murfin a aljihu, sannan ya buga hatimi. Malamin da ya zo duba mu daga makaranta ya karanta shafin sau biyu.

Daga ranar har na gama wata huɗuna, aikina na ƙarshe kowace yamma shi ne in zagaya jiragen da ke ajiye in ƙirga jajayen ƙyallaye, in zo in faɗa masa adadin kafin in hau Keke zuwa shataletalen Mando. 'Yan ajinmu da ke son gwada abin, farin tiyo mita biyu da rula da sirinji sun isa, ba sai da jirgi ba. Ku lissafa santimita nawa na ruwa not 80 zai ba ku. Ni 10.6 na samu, wanda ya samu daban ya same ni a wokshop ranar Talata.